Wadda Ta Taɓa Tafiya

Asabar ce, yayyafi ya kwana a kan Porto.
Na shimfiɗa zanen tebur a bakin kasuwa,
na jera motocin Baltazar Meireles,
ɗari biyu da goma sha ɗaya,
kowacce ba ta cika tafin hannu ba.

Shekara talatin ubana yana tuƙa bas,
daga bakin kogi zuwa tudu, daga tudu zuwa bakin kogi,
bai taɓa mallakar ko keken hawa ba.
Amma a kabad ɗin gilashi na ɗakin sama
Marsandi na kwana kafaɗa da kafaɗa da Pijo,
Fiyat mai launin ƙwai, motar asibiti mai fitila ɗaya,
duk zubin ƙarfe, duk tsofaffin yayi.
Ran Lahadi yakan share su da burushin aski,
yana riƙe numfashi kada ya dusashe fentin.
Mahaifiyata Graciete takan ce:
garejin mutum guda, ba ko ɗigon fetur.

Yau masu saye sun zo da laima da madubin ƙara girma.
Ba motar suke fara tambaya ba, kwalinta.
Ashe kwali ya fi abin da ke ciki daraja,
in kunnensa bai yage ba, kuɗi ya ninka.
Suna juya ta su karanta cikinta kamar likita,
suna shinshina tayar roba,
suna taya mini, ina cewa albarka,
har bakina ya gaji na soma sallamawa.

Wani dattijo, Aurélio Pestana, mai safar hannu fara,
ya kwashe arba'in bai ko yi murmushi ba.
Ya kai kan wata jar Sitiron, ya ɗaga ta da yatsa biyu.
Ba kwali. Ƙofar hagu ta tafi.
Fentin hanci ya goge har farin ƙarfe ya leƙo.
Ya ce, wannan yaro ya taɓa ta.
Ya ajiye ta gefe, ya goge yatsunsa.

Ni ce yaron.
Ina shekara shida na hau kujera na sato mabuɗi,
na sake ta daga saman matakala,
ta sauka hawa goma sha tara tana ƙara,
ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta tsallaka titi,
sai da ta yi karo da takalmin mai sayar da kifi.
Da ubana ya dawo bai ɗaga murya ba.
Ya tsince ta, ya hau sama, ya rufe ƙofa.
Kwana uku ba ya duban inda nake.
Shekara arba'in ina ɗauke da kwana ukun nan.

Da la'asar ruwa ya tsananta, kasuwa ta watse.
Na buɗe littafinsa don in soke waɗanda suka tafi.
Rubutunsa ƙanana, a jere kamar tururuwa:
ranar saye, wurin saye, abin da ya biya,
abin da za ta yi in an yi haƙuri.
Na bi layi da yatsa har lamba sittin da huɗu.
Gurbin farashi babu komai.
A gefe, da fensir, ya rubuta:
Ondina ta tuƙa. Ita kaɗai ta taɓa tafiya.

Na naɗe zanen da sauran a ciki.
Jar na cikin aljihun rigar ruwata,
sanyin ƙarfenta yana ratsa yadi.
A tashar bas na ɗora ta kan benci mai gangara,
na ɗan tura ta da ɗan yatsa.
Taya uku ne ke juyawa.
Ta tafi duk da haka, tana karkata hagu.